Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ƙungiyarmu Za Ta Rage wa Garinmu Ɓarnar Ambaliya

'Yan'uwa mata, wannan darasi kan ambaliyar ruwa ne, amma ba kan ranar da ruwa ya shigo gari ba. Ranar nan ba a yin wani shiri, gudu kawai ake yi. Maganarmu kan watannin da ke gabanin wannan rana ce, da shekarun da ke gabaninta. Ruwan sama na Allah ne, babu mai hana shi sauka. Amma yawan ɓarnar da zai yi mana ya danganta da inda muka yi gini, da yadda muka bar hanyar ruwa, da inda muka ajiye hatsi da kuɗi. Waɗannan kuwa duk a hannunmu suke, kuma da rani ake gyara su.

A karanta darasin a zama biyu ko uku. A riƙa tsayawa ana tattaunawa, domin mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo.

Me ya sa ɓarnar take ƙaruwa?

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwan dare ya auka wa garin Mokwa a jihar Neja, mutane na barci, aka rasa rayuka sama da 150. Kun ga abin ba na shekara ɗaya ba ne, ba kuma na gari ɗaya ba.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin ruwa ya zama bala'i.

Na farko, ruwan kansa. Mu yi ɗan lissafi. Masu auna ruwan sama suna ƙirga shi da milimita. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. A ce rufin kwanon gidanki tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 5. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 2,500, wato jarka 100 ta lita 25. Rufi ɗaya ke nan. To, ki ƙirga rufin unguwarku gaba ɗaya, ki tambayi kanki: ina wannan ruwa zai bi?

Na biyu, inda ruwan ya tarar da mu. Gari ya ƙaru, fili ya yi tsada, sai aka cike kududdufi aka yi gini, aka tsaga filaye a tsohuwar hanyar ruwa. Ruwa kuwa ba ya mantuwa. Ko ya shekara 20 bai bi ta wajen ba, ranar da ya yi yawa nan zai nufa.

Na uku, ƙarfin da muke da shi na miƙewa bayan ruwa ya janye. Gida biyu suna iya rushewa dare ɗaya. Mai ajiya a wani wuri ta sake ɗaki kafin hunturu. Wadda komai nata ke cikin ɗakin da ya faɗi, sai ta sayar da akuya da araha, ta ci irin shuka, ta cire yarinya daga makaranta. Shekara uku ba ta dawo yadda take ba, ga wani ruwan ya sake zuwa.

Na farko ba mu da iko a kansa. Na biyu da na uku su ne aikinmu.

Darasi daga bakin kogin Haɗeja

Garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja misali ne mai kyau, domin can ana ganin komai a fili. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim da Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Kafin nan kogin yakan ƙafe da rani. Bayan madatsun sai ya zama akwai ruwa a hanyoyin kogin kusan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Kachala tana riƙe laka da yashi, hanyar ruwa ta cushe, ruwan ya rasa inda zai bi sai gonaki da gidaje.

Mutanen yankin ba su zauna ba. Suna fita aikin gayya su yanke kachala, su yi jinga da buhunan ƙasa a bakin gari. Abin lura shi ne, jingar da aka ɗaga da rani, aka daddaɓe ta ta zauna, ba ɗaya take da wadda aka tara cikin dare ruwa na bakin ƙofa ba. Kuma ruwan da ya ci Auyo ko Haɗeja ba lalle a nan aka yi shi ba. Ana iya kwana sama tas babu hadari, ruwan da aka yi a Kano kwanakin baya ya iso. Saboda haka garin da ke bakin kogi sai ya san abin da ke faruwa a saman kogin.

Ko garinku ba a bakin kogi yake ba, ku dubi naku: mece ce kachalarku? A wani gari leda ce da shara. A wani kwalbati ce ƙarama. A wani gini ne da aka yi a bakin kududdufi.

Me ƙungiyar adashe take da shi?

Wata za ta ce, "Mu mata ina ruwanmu da aikin kwalbati?" Ai mu ne a cikin gida ranar da katanga za ta faɗo. Mu ne da goyo, da tsofaffi, da tukunyar da za a ɗora gobe. Kuma muna da abu uku da ba kowa ke da su ba a gari: muna haɗuwa kowane mako ba fashi, muna da akwati da littafi, muna kuma da yawa. Irin wannan tsari na ajiya da rance ya faro ne a 1991 a jihar Maraɗi ta Nijar, da sunan Mata Masu Dubara, kuma ƙungiyoyi da dama a can sun wuce zubi kawai, har rumbun tsimi suka kafa don tsare garinsu daga yunwa. Mu ma za mu iya ɗora wannan aiki a kan zamanmu na mako.

Mataki na 1: Mu zana garinmu

Ku samu fili, ku zana garin a ƙasa da tsinke. Ku sa dutse a matsayin masallaci, makaranta, asibiti, kasuwa da rijiyoyi. Sannan ku gayyato tsofaffi biyu ko uku, mata da maza, ku tambaye su:

- Ta ina ruwa yake shigowa gari, ta ina yake fita?
- A babbar ambaliyar da suka taɓa gani, ina ruwa ya tsaya?
- Ina ne ruwa bai taɓa hawa ba?
- Ina kududdufan da aka cike?

Ku barbaɗa toka a wuraren da ruwa ke ci. Ku sa ganye a gidajen da ke da tsohuwa, makaho, gurgu, mai ciki ko mai jego. Idan kun gama, magatakarda ta kwafe zanen a takarda. Ku kuma je ku shafa fenti a jikin bishiya ko bangon siminti daidai inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce. Mutum yana mantuwa, alama ba ta mantuwa. Duk mai son yin gini nan gaba zai ga inda ya kamata daɓensa ya wuce.

Mataki na 2: A buɗe wa ruwa hanya

Wannan shi ne aiki mafi araha, kuma mafi saurin amfani. Kafin ruwan farko, a yashe kwata da lambatu da bakin kwalbati. A fara daga ƙasa, wato inda ruwan ke fita daga gari, a yi sama. In aka fara daga sama, an tura wa maƙwabta ruwa ke nan. Abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki. A kwashe a kai gona ko juji.

Maza da samari su ne da shebur da baro. Namu shi ne mu sa a tsayar da rana, mu dafa abincin gayya, mu kuma hana sharar komawa. Yawancin abin da ke toshe kwata daga gidajenmu yake fita: ledar ruwa, ledar cefane, tsumma, toka. Ƙungiya tana iya kafa doka a tsakaninta cewa duk wadda aka ga ta aiki yaro ya zuba shara a kwata za ta biya tara, kamar yadda ake biyan tarar makara.

Kududdufi kuma ba ɓataccen fili ba ne, randar gari ce. Shi ke shanye ruwan da zai shiga ɗakuna. Idan kun ji ana shirin cike shi a sayar, ku je wurin mai unguwa tun ba a kawo tifar farko ba. A kewaye shi da ƙaya ko shinge saboda yara, amma a bar shi.

Mataki na 3: Gida da rumbu

Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa: ta gindi da ta ka. Ruwa ya kwanta a gindin bango ya jiƙa shi, ko ya tsatsa ta saman soro. Yawancin waɗanda ke rasuwa da damina a garuruwanmu ba kogi ne ke tafiya da su ba kaɗai, akwai waɗanda ɗaki ke faɗa wa cikin dare. Don haka:

- A yi yaɓe kowace shekara kafin damina, a toshe duk wata tsaga.
- A gyara indararo, ya zama yana jefa ruwa nesa da gindin bango.
- A yi dakali ko a tara ƙasa a gindin katanga, a karkata ta yadda ruwa zai gangara waje.
- Mai sabon gini ta roƙi magini ya sa dutse ko bulon siminti a layukan ƙasa, sannan a ɗora tubali. In kuɗi bai kai na gida duka ba, a yi wa ɗakin da yara ke kwana.
- Ɗakin da ya tsage ko ya jiƙe har ya yi taushi, kada a kwana ciki daren da ake ruwa. Gara a takura a ɗakin maƙwabta.

Rumbu a ɗaga shi kan duwatsu, sama da alamar fentin nan. Buhunan hatsi kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗora su kan katako. Irin shuka a zuba shi a jarka busasshiya mai murfi, ko buhu mai leda biyu a ciki irin na PICS, a rataye ko a kai gidan 'yar'uwa da ke tudu. Takardun gona, katin asibiti, katin zaɓe da takardun makarantar yara a naɗe su cikin leda biyu, a ajiye inda hannu zai kai cikin duhu.

Akwai magana mai nauyi a nan. Wasu unguwanni, gyara ba zai cece su ba, domin a tsakiyar hanyar ruwa suke. Ba abu ne mai sauƙi a ce wa mutum ya bar gidan ubansa ba, ga gonarsa ta fadama kusa. Ba kuma kowa ke da kuɗin tashi rana ɗaya ba. Amma akwai hanyar sannu: a nemi dagaci da hakimi su ware fili a tudu, a yi alkawari cewa duk sabon ɗaki can za a yi shi. Ɗakin amarya, can. Ɗakin da ya faɗi, kada a maimaita shi a gurbinsa, can. A ci gaba da noma fadama, a riƙa kwana a tudu. Cikin shekara 10 sai ku ga unguwa ta koma ba tare da an kori kowa ba.

Mataki na 4: Gona da itatuwa

Ƙasar da ba ta da itace ko ciyawa kamar faranti take, ruwa na sauka sai ya zarce cikin gari da yashi. Ƙasar da ke da saiwa kuwa tana shan ruwa, ta sake shi a hankali. Shi ya sa maganin ambaliya da maganin fari sukan zama abu guda.

A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Da wannan dabara, ba tare da dashe ba, itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Gawo ya fi shahara a ciki, don yana zubar da ganye da damina, bai hana shuka rana, ga taki. Mata su ne suka fi cin riba, don itacen girki ya matso kusa.

Abin da za mu iya yi:

- A bar toho a gona, a kuma hana yara da dabbobi lalata shi.
- A jera duwatsu a gicciye a gonar da ke gangare, don rage gudun ruwa.
- A dasa jema ko gamba a bakin kwari da jikin jinga. Saiwarsu tana riƙe ƙasa.
- Kwazazzabo tun yana ƙarami ake tare shi da duwatsu da buhunan ƙasa. In ya girma sai gwamnati.
- Ƙungiya ta yi renon dashe: darbejiya don tare iska, zogale don miya da sayarwa.

Kada a zuba duk jari a gona ɗaya. Mai shinkafa a fadama ta samu ɗan gero ko wake a tudu. Akwai irin shinkafa da ake kira FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Najeriya a 2017, suna jure nutsewa cikin ruwa har wajen mako biyu. Ku tambayi malamin gona inda ake samun na gaskiya. Kuma a ware irin da za a shuka a bayan ruwa, kamar wake ko kankana, domin laimar da ambaliya ta bari tana iya mayar da wani abu daga asarar.

Mataki na 5: Rijiya da masai

Bayan ruwa ya janye, ciwo ke biyowa: amai da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro. Dalili shi ne ruwa ya shiga masai, ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiya. Maganin wannan ma da rani ake yin sa. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi da daɓe mai gangara. Sabon masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta ƙasanta, ba ta samanta ba. A ɗaga bakinsa shi ma.

Rijiyar da ambaliya ta shiga, kada a sha ruwanta sai an kwashe an sa mata magani. Kafin nan a tafasa ruwan sha. Kowane gida ya tanadi gidan sauro da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba mai gudawa, a kuma garzaya da shi asibiti.

Mataki na 6: Akwatinmu

A nan ne ya kamata mu fi natsuwa. Asusun taimakon juna da muke zubawa kowane mako an yi shi ne don matsalar da ke samun mutum ɗaya: rashin lafiya, rasuwa, gobarar ɗaki. Mace ɗaya ta shiga wahala, 24 su tallafe ta. Ambaliya ba haka take ba. Dare ɗaya take shiga gidan kowa. Kuma tana zuwa ne a lokacin marka, wajen Agusta da Satumba, daidai lokacin da yawancin kuɗin akwati ke waje a hannun masu rancen noma. Gonar ta nutse, mai rance ba ta da abin biya, akwati babu kuɗi, kowa na buƙata. Ƙungiyoyi na iya watsewa a nan, har zumunci ya ɓaci.

Ga yadda za a kauce wa haka.

A buɗe asusu na uku, na shirin damina, daban da zubi, daban da na taimakon juna, da jakarsa da shafinsa a littafi. A ce ku 25 ne, kowace ta sa N200 a mako. N5,000 ke nan a mako, cikin mako 40 ya zama N200,000. Ku za ku yanke abin da za ku iya, ko N50 ce. Abin da ake so shi ne kada a fasa.

A raba shi biyu. Kashi ɗaya na rigakafi ne, ana kashe shi da rani: buhunan jinga, simintin bakin rijiya, abincin 'yan gayya, ko rance marar ƙari ga mamba don gyaran bango. Ɗaya kashin na ranar wahala ne, ba a taɓa shi, ba a kuma raba shi ranar rabon akwati. Ya tsallaka zuwa shekara ta gaba.

Kada a ajiye shi duka wuri ɗaya. Kuɗin takarda yana jiƙewa, kuma darajarsa tana raguwa. Wani ɓangare a sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha, a ajiye a ɗaki mai tsaro a tudu. Wani a sa a asusun banki na ƙungiya, wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire.

A rubuta doka tun ana zaman lafiya. Idan ambaliya ta ci gonar mai rance, wata nawa za a ɗaga mata? Za a dakatar da tara? Wa za a fara ba taimako? Su wa za su je su gane wa idonsu asarar? A tattauna, a amince, a rubuta, kowa ta dangwala. Dokar da aka yi cikin natsuwa ita ke hana rigima ranar da kowa ke kuka.

A rage yawan rance da damina ga sana'a iri ɗaya. In mutum 20 cikin 25 duk shinkafar fadama ɗaya suka zuba rancensu, akwatin ma a fadamar yake.

A tsare akwati da littafi. Daga farkon marka akwati ya koma gidan mamba da ke tudu, masu makulli uku su san da haka. Littafi a sa shi cikin leda. Bayan kowane zama a ɗauki hoton shafin da waya, ko a kwafe jimillar a wani littafi da ke wani gida.

A ƙulla ƙawance da wata ƙungiya a garin da ruwa ba ya ci. Ku ajiye iri a wurinsu, su karɓi awakinku in ruwa ya taso. Ku kuma ku tsaya musu ranar da fari ko gobara ta same su.

Mataki na 7: Labari da wurin gudu

Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya. Ana faɗa a rediyo da Hausa. Ku naɗa mace biyu masu sauraro, su riƙa kawo labari a kowane zama. Ku samu lambar wayar wani amintacce a garin da ke sama da ku a bakin kogi. A kafa sanda mai alama a bakin ruwa, masunta ko sarkin ruwa su riƙa dubawa safe da yamma.

A yarda da alama guda da kowa zai gane, ko lasifikar masallaci, ko mai shela, ko buga ƙarfe. A san wurin da za a taru da hanyar da za a bi. Gidajen nan da muka sa wa ganye a zane, kowanne a ba shi mutum biyu da sunansu waɗanda za su fito da mai rauni. Dabbobi a kai su tudu tun da wuri, kada a bar su a ɗaure a turke. A gaya wa yara da manya: ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum. Kwale-kwale kuma kada a cika shi fiye da kima, kada a shiga da dare.

Mataki na 8: Abin da ya fi ƙarfinmu

Babbar kwalbati, yashe kogi, jinga mai tsawo da filin sabuwar unguwa ba aikin akwatinmu ba ne, haƙƙi ne a kan hukuma. Amma hukuma ta fi jin waɗanda suka zo da takarda a hannu. Ku haɗu da sauran ƙungiyoyin garin, ku zaɓi buƙata ɗaya ko biyu, kada ku jero goma. Ku rubuta wurin, da yawan gidajen da abin ya shafa, da shekarun da ruwa ya ci su, da abin da ku kanku kuka riga kuka yi. Ku bi ta mai unguwa da dagaci zuwa hakimi, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Ku riƙe kwafi, ku rubuta ranar da kuka kai, ku koma bayan wata guda. Da kaka ko farkon rani ake kai kuka, lokacin da ake iya aiki, ba a tsakiyar marka ba.

In akwai kwamitin gari kan ambaliya, ku nemi a sa mata aƙalla biyu. Maganar jinga kuma a yi ta tare da garuruwan maƙwabta, domin ruwan da kuka tare wani wurin zai nufa.

Aikin kowane lokaci

Kaka: a duba inda ruwa ya yi ɓarna, a sa alama, a sayi hatsin ajiya, a ware iri, a kai takarda ga hukuma.

Hunturu da rani: gyaran bango da rumbu, ɗaga bakin rijiya, aikin jinga, tare kwari, renon dashe.

Bazara: yashe kwata, yaɓe, sauraron hasashe, sabunta sunayen masu rauni, sake karanta dokar asusu.

Damina: dasa itatuwa, duba sandar ruwa, kai akwati da dabbobi tudu.

Tambayoyin tattaunawa

1. A ambaliyar da ta wuce, mece ce asarar da da mun yi shiri da ba a yi ta ba?
2. Kuɗin akwatinmu nawa ne ke waje a watan Agusta, kuma a wace sana'a?
3. Su wane ne a unguwarmu ba za su iya fita da ƙafarsu ba, wa zai ɗauke su?
4. Wane aiki ɗaya za mu gama kafin ruwan farko na bana?

Kada ku ce sai kun yi duka a shekara ɗaya. Ku zaɓi aiki ɗaya, ku sa masa rana da sunan mai kula da shi, magatakarda ta rubuta kafin a rufe akwati yau. Baɗi ku ƙara wani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu.